Ko Jure Izgilin Siyasa Yana Wasa Hankali?

 

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu harkar siyasa, wai wanda bai sha zagi ba bai san siyasa ba. Har akan ƙara da cewa shan izgili makaranta ce: duk wanda aka yi wa ihu a filin taro, aka yi masa waƙar zambo, aka zana shi da ƙaton kai a jarida, ko aka mai da shi abin dariya a Facebook, ya kuma daure bai gudu ba, to zai fito da kaifin tunani, don ya koyi danne zuciya ya bar hankali ya yi aikinsa. Maganar tana da daɗin ji, musamman ga wanda ake yi wa izgilin, domin tana mai da wulaƙancin da ya sha ya zama riba. Abin da nake so mu auna a wannan zama shi ne ko gaskiya ce. Matsayina shi ne, jure izgili yana koyar da tsayuwa, amma tsayuwa daban, tunani daban. Mai gaskiya yana tsayawa, mai ɓata ma yana tsayawa, kuma dariyar jama'a ba ta gaya wa ko ɗayansu a wane sahu yake. Inda duk aka ga wanda ya sha dariya ya fito da ingantaccen tunani, in aka bincika za a tarar akwai wani aiki da ya yi a gefe.

Mu fara da raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, wato suka da izgili. Suka tana ɗauke da da'awar da za a iya bincikawa: ka ce za ka gina asibiti ba ka gina ba, kuɗin da ka ce an kashe bai yi daidai da aikin da ke ƙasa ba. Irin wannan magana mutum biyu sun isa yin ta, kai, mutum ɗaya ma yana iya yi wa kansa ita cikin dare. Izgili kuwa ba ya tashi sai da na uku, wato masu dariya. Don su ake shirya shi, kuma nasararsa tana rataye ne a kan ko an tuntsire, ko abin da aka faɗa gaskiya ne ko ƙarya. Hausawa sun daɗe da sanin haka ta hanyar roƙo. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya bayyana a 1957 yadda maroƙi kan juya yabo ya koma habaici da zambo idan wanda yake wasawa ya hana shi kyauta. Mutumin nan bai sake hali ba tsakanin hantsi da azahar, hannunsa ne kawai bai shiga aljihu ba. Sojojin baka na gidajen rediyo da mawaƙan jam'iyyu sun gaji wannan sana'a, shi ya sa ake ganin wanda ya tsige ɗan takara bara yana kambama shi bana. Abin da ke bin kuɗi da yawan masu tafi yaya zai zama ma'aunin gaskiya? Ba banza ba aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta haɗa yi wa juna izgili da aibanta juna da jifan juna da munanan laƙubba ta hana su baki ɗaya, alhali Alƙur'ani cike yake da kiran mutane su kawo hujjarsu.

Sai dai masu ganin izgili yana amfanin hankali suna da abin cewa, ya kamata a ba su haƙƙinsu. Wanda ya fi tsara wannan ra'ayi shi ne wani basaraken Ingila, Shaftesbury, a wata maƙala da ya fitar a 1709. Hujjarsa ita ce gaskiya tana iya jure a haska ta ta kowace fuska, har da fuskar dariya. Abin da ke da tushe ko an yi masa ba'a ba zai girgiza ba, wanda ke fakewa da murtuke fuska da nuna isa shi ke tsoron a yi masa dariya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin ƙarya takan fake da girma ta hana a tambaye ta. Amma a 1751 wani malamin coci, John Brown, ya mai da martani da tambayar da har yau ba a iya kauce mata ba: idan an yi wa abu dariya, da me za a gane ko dariyar ta dace da shi? Dole a koma ga hankali ya yanke hukunci. Ke nan dariya ita ma abar gurfanarwa ce a gaban hankali, ba alƙaliya ba ce.

Labarin Sokiratis na birnin Atina a ƙasar Girka ya isa shaida. A shekara ta 423 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, marubucin barkwanci Aristofanis ya shirya wani wasan kwaikwayo da ya nuna Sokiratis a rataye cikin kwando yana leƙen sararin sama, yana koya wa mutane murɗe magana don su tsere wa masu bin su bashi. Marubutan baya sun ruwaito cewa yana cikin 'yan kallo, da baƙi suka fara tambayar wane ne ake kwaikwaya, sai ya miƙe tsaye don su gan shi da kyau. In juriya ake nema, ga ta nan. To amma hanyar tunanin da aka san shi da ita, ta bin mutum da tambaya bayan tambaya har a gano inda maganarsa ke cin karo da juna, a zaman tattaunawa ido da ido ya gina ta. Abin da wasan ya yi shi ne dasa wa mutanen gari wani hoto a zuciya. Bayan shekara 24 aka gurfanar da shi, kuma kamar yadda almajirinsa Aflatun ya ruwaito, ya ce wa masu shari'a ya fi tsoron tsofaffin masu ɓata masa suna a kan waɗanda suka kai ƙara, domin su ba a iya kiran su a yi musu tambaya, ya kuma ambaci wasan barkwancin nan. Aka yanke masa hukuncin kisa. Izgilin bai ƙara masa komai ba, jama'a kuwa ya rage musu hankalin sauraro.

Abin da juriya ke yi wa zuciya shi ne abin da ƙota ke yi wa tafin hannun manomi. Hannun yakan yi kanta, ƙaya ba ta shiga, amma kuma ba ya jin bambancin mai laushi da mai kaushi kamar da. Dubi ɗan siyasar Ingila Winston Cocil a shekarun 1930. Ya yi ta gargaɗin cewa Jamus na tara makamai, 'yan majalisa da jaridu suna ɗaukarsa tsoho mai neman fitina, daga baya tarihi ya gaskata shi. Wannan ɓangaren ne ake ba da labari. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne, a waɗannan shekarun dai ya kafe haka nan yana yaƙar dokar 1935 da ta ƙara wa Indiya ikon tafiyar da kanta, ya yi wa Gandi ba'a da tufafinsa, sannan a Disambar 1936 ya tsaya wa Sarki Edward na Takwas a rikicin aurensa, har 'yan majalisa suka yi masa ihu suka hana shi ƙarasa magana. Mutum ɗaya ne, taurin zuciyar ɗaya ce, amma a ɗaya ya dace, a biyu ya ɓata. Abin da ya raba su shi ne a batun Jamus yana da alƙaluman jiragen yaƙi da wasu jami'an gwamnati ke kai masa a ɓoye, a batun Indiya kuwa son daular da ya tashi a cikinta ne ke magana. Muna tuna waɗanda aka yi wa dariya suka zamo masu gaskiya ne saboda su ake rubuta wa littafi. Dubban da suka daure alhali dariyar ta dace da su, ba mai tuna sunansu. Daga nan ne wani gurgun lissafi ke shigowa, wanda ake yawan ji a bakin 'yan siyasa: tun da ana yi mini izgili kamar yadda aka yi wa annabawa, ina kan gaskiya. An yi wa annabawa izgili, haka ne, amma hujjar annabcinsu daban take, don an yi wa maƙaryata ma.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na 1953. Ranar 31 ga Maris, Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai ta Ikko cewa Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya kawo gyara cewa a cire shekarar a sa da zarar hali ya yi. Wakilan Arewa suna da dalilinsu, ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba: a lokacin 'yan Arewa masu digiri da yatsu ake ƙirga su, kuma suna tsoron in Turawa suka tafi a 1956 ofisoshin Arewa kaf za su koma hannun ma'aikata daga Kudu. Wakilan Kudu su ma suna da nasu: ba a koyon mulki sai an riƙe shi, kuma ɗan mulkin mallaka ba zai taɓa cewa da kansa hali ya yi ba. Hujjoji ne biyu masu nauyi da suka cancanci a baje su a faifai. Ba a yi ba. Wakilan AG da NCNC suka fice daga zauren, 'yan Arewa kuma da suka fito sai suka tarar da cincirindon jama'a suna yi musu ature, ana kiran su yaran Turawa marasa ra'ayin kansu. Jaridun Ikko suka ɗauka, har a tashoshin jirgin ƙasa a hanyarsu ta komawa gida ba a ƙyale su ba. Sardauna ya ba da labarin wannan tafiya a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1962, kuma mai karatu zai ji cewa bayan shekara 9 ciwon bai warke ba. Sun daure kuwa, ba wanda ya janye. To, me ya biyo baya? A watan Mayu majalisun Arewa suka amince da wani tsari mai sharuɗɗa 8, wanda da an bi shi da jihohin Nijeriya sun zama kusan ƙasashe masu cin gashin kansu, ba abin da ya haɗa su sai 'yan ayyukan tsakiya irin su tsaro da kwastan da hulɗa da waje. A watan nan dai, da S. L. Akintola ya jagoranci tawagar AG zuwa Kano don yaɗa kiran 1956, rikici ya ɓarke daga 16 zuwa 19 ga wata, ƙididdigar hukuma ta ce mutum 36 sun mutu, fiye da 200 sun jikkata. Sai da aka koma teburin taro a Landan cikin Yuli da Agusta, inda babu 'yan ihu a bakin ƙofa, sannan aka ciro mafitar da ke kwance cikin hujjojin biyu tun farko: tsarin tarayya na 1954, da barin kowace jiha ta karɓi mulkin kanta in ta shirya. Gabas da Yamma suka karɓa a 1957, Arewa a 1959.

Wani zai ce ai wannan wulaƙancin ne ya zaburar da shugabannin Arewa suka duƙufa wajen horar da ma'aikata da buɗe makarantu, har aka kai ga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ban musa cewa haushi yana ƙara sauri ba. Amma gano ciwon ya riga ihun. Tun a farkon shekarun 1940 Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zaman tattaunawa a Bauci, inda ake ɗauko batu kamar mulkin Turawa ta hannun sarakuna a yi masa filla-filla, har hukuma ta ga tambayoyin sun fara taɓa inda ba ta so, ta rufe zauren. A Agustan 1950 kuma Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a sake duba tsarin En'e gaba ɗaya. A irin waɗannan wurare tunanin ya tsiro. Ihun Ikko ƙaimi kawai ya ƙara, kuma ya zo da abu mai tsada, wato zargin juna tsakanin Arewa da Kudu da ya bi jamhuriya ta farko har rushewarta a 1966.

Binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna mana abin da ke faruwa a cikin kai. A shekarun 1950 Solomon Asch a Amurka ya riƙa zaunar da ɗalibi ɗaya cikin mutanen da aka riga aka haɗa baki da su, a nuna musu layuka a kan kati a ce su faɗi wanne ne tsawonsa ya yi daidai da wani. Amsar a fili take, yaro ma zai gani. Amma idan sauran suka haɗu a kan amsar ƙarya, kimanin kashi 37 cikin 100 na amsoshin ɗaliban sukan bi taron, kuma wajen kashi 75 cikin 100 na ɗaliban sun bi aƙalla sau ɗaya. A nan fa ba wanda ya yi musu dariya, tsoron zama saniyar ware kawai ya isa. Da aka sa mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi amsar gaskiya, bin taron ya ragu ƙwarai. Ku lura, abokin tsayuwa ne ya 'yantar da hankalin ɗalibin. A 2000 kuma Leslie Janes da James Olson a Kanada suka tarar cewa waɗanda suka kalli ana yi wa wani ba'a sun fi karkata ga bin ra'ayin jama'a, sun kuma fi tsoron yin kuskure, fiye da waɗanda suka kalli barkwancin da ba a ci zarafin kowa a cikinsa ba. Wannan shi ne lissafin da masu cewa izgili makaranta ce ba sa yi. Suna kallon mutum ɗaya da ya daure a tsakiyar fili, sun manta da ɗarin da ke gefe, waɗanda darasin da suka ɗauka shi ne kame baki. A cikinsu akwai akawun da ya san inda kuɗi suka bi, da malamin asibitin da ya san dalilin da babu magani, da mata musamman, waɗanda izgilin da ake yi musu ba ya tsayawa a ra'ayinsu sai ya gangara ga mutuncinsu da aurensu. Hajiya Gambo Sawaba ta jure wannan da abin da ya fi shi, har ɗauri sau da dama. Amma ƙasar da sai mai zuciya irin tata ce za ta iya buɗe baki ta yi asarar tunanin dubban mata.

Shi kansa wanda ya daure akwai tarkon da ke jiran sa. A 1959 Elliot Aronson da Judson Mills sun sa wasu ɗalibai mata karanta kalmomin kunya da babbar murya a gaban mai bincike kafin a karɓe su cikin wata ƙungiyar tattaunawa, wasu kuma aka karɓe su cikin sauƙi. Aka kunna wa dukkansu faifan tattaunawa ɗaya, wadda da gangan aka shirya ta ba armashi. Waɗanda suka sha kunya su suka fi yaba ta. Zuciya ba ta son amsa cewa ta sha wuya a banza, sai ta ƙara wa abin da ta wahala dominsa daraja. Haka ɗan jam'iyyar da aka daɗe ana yi wa dariya saboda gwaninsa: ranar da gwanin ya yi ɓarna a fili, shi zai fi kowa wahalar gani.

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu jayayya da ni ita ce ta rigakafi. A 1961 William McGuire ya nuna cewa idan aka kawo wa mutum raunanan hujjoji masu sukar abin da ya yarda da shi, aka kuma nuna masa yadda ake warware su, yakan fi iya kare ra'ayinsa daga baya fiye da wanda aka yi ta ƙarfafa wa gwiwa kawai. Sai a ce to ai izgili ma haka yake aiki. Amma abin da McGuire ya yi amfani da shi hujja ce mai kai da ƙafa, ana iya kama ta a warware. Wanda aka ce wa mai ƙaton ciki ko ɗan ƙauye, me aka ba shi ya warware? Ban da haka, abin da gwajin ya auna shi ne ƙin sauya ra'ayi, alhali mai tunani na ƙwarai ana gane shi ne da iya sauyawa in hujja ta zo.

Tarihin NEPU da magajiyarta PRP ya gwada mana wannan a aikace. Tun da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, magoya bayanta suka sha abin da ya wuce izgili: zagi, duka daga hannun 'yan mahaukata, da ɗauri a kotunan alƙalai. Su ma ba su bar bashi ba, mawaƙansu sun iya zambo. Malam Aminu Kano ya fita daga wannan zamani da tunani mai tsari, amma da shi ya shiga, daga karatun gidan malamai da kwalejin Kaduna da zauren Bauci da karatun Landan a 1946. Gwajin ya zo a 1980, lokacin da PRP ta rabu a kan tambayar da ta cancanci muhawara: shin gwamnoninta biyu, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna, su ci gaba da zama da gwamnonin UPN da GNPP don tunkarar NPN, ko su bi umarnin uwar jam'iyya su janye? Kowane ɓangare yana da mutanen da suka yi shekaru suna jure wulaƙanci. Da juriya tana koyar da auna hujja, da a nan za a gani. Abin da aka gani shi ne 'yan santsi da 'yan taɓo, kowa ya rungumi laƙabinsa, waƙa da habaici suka binne tambayar. Jam'iyyar tana a rabe majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa a Yunin 1981, Rimi kuma ya koma NPP ya faɗi zaɓen 1983. Makamin da aka ƙware da shi a kan abokan gaba shi aka juya kan 'yan'uwa.

Shin ke nan babu inda ba'a ke taimakon hankali? Akwai, kuma a gidanmu yake. Wasan taubasai, da na jika da kaka, da na Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, Bakano da Bazazzagi, al'ada ce da Jamhuriyar Nijar ta ɗauka da muhimmanci har UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Wanda ya tashi cikin wannan wasa yana koyon jin magana mai zafi a kansa ba tare da ya hasala ba, yana kuma koyon yi wa kansa dariya. Wannan sharaɗi ne na tunani, don mai fushi ba ya lissafi. Amma dubi shingen da aka yi wa wasan. Kowa yana da damar ramawa, an san zumuncin ba ya cikin haɗari, ba wanda zai rasa aiki ko kujera ko rai, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Izgilin siyasa ba ya bin ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin manufarsa a raba ka da mutane. In ya yi nisa kuma yakan share wa abin da ya fi shi muni fage. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda, wanda ya fara aiki a 1993, da kiɗa da barkwanci ya jawo matasa, yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai, kafin kisan kiyashin 1994. Ba mai hankalin da zai ce wa waɗannan bayin Allah su daure don su ƙaru.

To, wane aiki ne na ce ana yi a gefe? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani kan munazara a farkon Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa cututtukan da take haifarwa idan don neman rinjaye aka yi ta, irin su hassada da girman kai da ƙullaci da murna da kuskuren abokin magana. Cikin sharuɗɗan da ya gindaya akwai cewa a fi son yin ta a keɓe a kan yin ta gaban taro da manyan gari, domin taro yana motsa riya, kuma mai neman gaskiya kada ya damu ko a bakinsa ta fito ko a bakin abokin jayayyarsa. Wanda aka yi wa izgili, in yana son cin riba, sai ya cire mutum na ukun nan. Ya bari taro ya watse, zuciya ta huce, sannan ya ɗauko maganar ya tuɓe mata kayan dariya ya ga abin da ya rage. A ce an zana shugaban ƙaramar hukuma yana yanke ƙyallen buɗe famfo, an yi masa ƙaton tumbi da 'yar mitsitsiyar hula, jama'a na jere a bayansa da jarkoki wayam. Tumbin da hular ba su ce komai ba, a zubar da su. Abin da ya rage jimla ɗaya ce: rijiyar burtsatsen da ka ƙaddamar ba ta kawo ruwa. Wannan ana iya tura yaro da babur ya dubo kafin la'asar. In ta tabbata, mai zanen ya ba shi labarin da injiniyansa ya ɓoye masa. In ba ta tabbata ba, ya san abin da zai nuna wa jama'a. Sau da yawa kuma in an tuɓe ba a samun komai, sai a san iska ce a wuce. Wannan tacewar ita ce horon, kuma inda take da wuya shi ne mutum ya iya cewa wanda ya ci mini mutunci yana da gaskiya a wannan gaɓa. Yawancin masu alfahari da juriya ba sa kaiwa nan. Kunne suka toshe, suka kira toshewar haƙuri.

Akwai rukuni ɗaya da wannan aiki ya kusa zama wajibi a kansu, su ne masu mulki. Talaka yana jin laifinsa kullum, kyauta. Mai mulki kuwa kewaye yake da mutanen da abincinsu ya rataya a kan fara'arsa, saboda haka sau da yawa ba'a ce kaɗai hanyar da labari maras daɗi ke bi ya iso shi. Fadojin Hausa sun san haka, shi ya sa aka bar wa wawan sarki bakinsa. A majalisar Ingila tun 1961 aka tsayar da lokacin da firayim minista zai miƙe ya amsa tambayoyi cikin hayaniya da shewa. Rabin abin wasan kwaikwayo ne, kuma amfaninsa kafin a shiga zauren yake faruwa: don gudun a kunyata shi, dole ya sa kowace ma'aikata ta kawo masa bayanin abin da ke tafiya da abin da ya lalace. Tsoron dariya ya tura shi neman hujja saboda akwai ƙa'idar cewa sai ya amsa. Don haka kada a ɗauki abin da na faɗa a matsayin goyon bayan kama masu ba'a. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya hukunta saƙon ɓata rai da cin fuska da kalmomi masu faɗi ƙwarai, aka yi ta kama 'yan jarida da matasa da shi, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Mai riƙe da muƙamin da ya sa aka tsare yaro don ya yi masa ba'a a TikTok ya tabbatar da abu ɗaya ne: daga ranar ba wanda zai ƙara gaya masa cewa famfon ba ya kawo ruwa, kuma ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin aikin shi zai fi kowa murna da kamun.